Fitilun Jidda Da Daren Zangonmu

Kowace shekara in Kirsimeti ta zo, wadda maƙwabtanmu ke kira Buronya, yaranmu sukan sulale cikin gari kallon fitilu, iyaye su yi ta faɗa. A Amurka ma har biya akan yi, mutum ya ratsa cikin fitilun da motarsa ba tare da ya sauka ba.

To, da muka je umra cikin azumi, mun sauka wurin 'yan'uwa a unguwar Madain Fahd, kudancin Jidda. Bayan asham suka ɗauke mu a mota. Muka bi ta Bab Makka, ƙofar tsohon gari da ake kira Balad. Ko'ina fitilu masu siffar jinjirin wata da tauraro, kantuna kuwa a buɗe har kusan sahur. Daga nan muka miƙa bakin teku wurin famfon Sarki Fahd. Tun 1985 yake feso ruwan Bahar Maliya sama fiye da mita 250, fitilu fiye da 500 suna haska shi. Yaran da ke cikin motar suka yi tsit don mamaki.

Nan muka gane ashe yaro haske yake bi, namu daren ne ke da duhu. Saboda haka dattawa da 'yan kasuwa, mu haɗa kuɗi kafin azumi, mu ƙawata ƙofar masallaci da makarantar allo da titin kasuwa. Yaranmu su zauna gida, mai kanti kuma ya yi ciniki. Allah ya ba mu iko, amin.