Gwajin Kuromosom Da Tsadar Gano Sankarar Hanyar Matsarmama

MAIDUGURI: A unguwar Wulari, mai ciwon shawara kan fara da shagon magani kafin ya dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Sau da yawa ciwon hanta ne. Wani lokaci kuwa hanyar ruwan matsarmama ce ta tsuke, sai likita ya tantance ko sankara ce ta matse ta.

Akan zura bututu ta baki a kankaro ƙwayoyin halitta daga wurin, amma duban madubin likita kaɗai yakan kuskure fiye da rabin masu cutar. Gwajin FISH yana shafa rini mai ƙyalli a kan kuromosom na 3, 7, 17 da wani sashe na 9. Idan suka haura biyu-biyu a ƙwaya ɗaya, alamar sankara ce. Don sankarar mafitsara aka fara ƙera rinin, kafin asibitin Mayo na Amurka ya gwada shi a hanyar matsarmama. Kamfanin Abbott ya sayi Vysis, mai rinin, a 2001.

Ga dillalan kayan asibiti, da dala ake sayo shi, kuma sai an adana shi a digiri 20 ƙasa da sifili, wato janareta ko sola dare da rana.