Horar Da Sojan Intanet Da Kuma Riƙe Shi

A shekarar 2018 ne Rundunar Sojojin Ƙasa ta Najeriya, ƙarƙashin Laftanar Janar Tukur Buratai, ta kafa rundunar yaƙin intanet mai hedikwata a Abuja. Kafin nan an yi dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, ga kuma cibiyar ngCERT a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Ta fuskar doka da ofisoshi an taɓuka. Wanda ba a cika waiwaya ba shi ne mutumin da zai zauna gaban na'urar: yaya ake horar da shi, kuma ina yake ƙarewa bayan an gama kashe masa kuɗi?

Amurka, duk da arzikinta, ta sha wahalar wannan tambaya. Ta kafa rundunarta ta intanet a 2010, ta tsara ƙungiyoyi 133 masu ma'aikata kimanin 6,200, amma sai a 2018 ƙungiyoyin suka cika sharuɗɗan fara aiki gaba ɗaya. A Disambar 2022 hukumar GAO, mai binciken yadda gwamnati ke kashe kuɗi, ta ruwaito cewa horar da soja guda a kan aikin kutse mai zurfi yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku, ya ci tsakanin dala 220,000 da 500,000. Ta kuma gano cewa wasu rassan sojan ba su da bayyananniyar ƙa'ida kan shekarun da wanda aka horar zai yi wa ƙasa hidima kafin ya ajiye kaki. Wato a yi noma, a yi girbi, a bar rumbu ba murfi.

Tushen matsalar yana cikin al'adar soja kanta. An gina aikin hafsa a kan sauyin wurin aiki: bana yana bataliya, baɗi waccan yana ofishin hedikwata, daga nan kwas, daga nan wani fage, kuma da wannan zagayen ake hawa muƙami. Tsarin ya dace da mai jagorantar dakarun ƙasa, domin yana buƙatar sanin kowane lungu na rundunar. Ga mai binciken mugun manhaja kuwa, asara ce. Iliminsa ɗanye ne, ba ya ajiyuwa. Idan aka ɗauke shi shekara biyu aka ba shi kula da ma'ajiyar kaya ko shingen bincike, zai dawo ya tarar dabarun da ya sani sun tsufa. Idan kuma ya nace ya zauna a fanninsa, sa'o'insa su wuce shi a girma. Wannan ne ya sa sojan ƙasa na Amurka ya ware wa aikin intanet reshe mai zaman kansa a 2014, mai nasa matakan ƙarin girma, daga baya kuma aka buɗe ƙofar ɗaukar ƙwararru farar hula kai tsaye a matsayin hafsoshi. A ganina wannan gyara ya fi duk wata na'ura da za mu sayo muhimmanci, kuma kusan ba ya buƙatar kuɗin waje.

Sai batun atisaye. Ba mai tura soja fagen fama bai taɓa harbi a filin gwaji ba, amma sau da yawa mukan ɗauki kwas na mako biyu da takardar shaida a matsayin horo. A Disambar 2015 masu kutse sun katse wa mutane kusan 230,000 wutar lantarki a yammacin Yukiren. A safiyar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta kutsa ƙasar, an lalata dubban na'urorin sadarwar tauraron ɗan'adam na kamfanin Viasat. Irin waɗannan hare-hare ba a allo ake koyon tare su ba. Ana buƙatar ɗakin gwaji mai kwaikwayon tashar lantarki ko banki ko layin sadarwar runduna, wasu su kai hari, wasu su kare, a ci su, su zauna su duba inda aka shigo musu. Ƙasar Estoniya, mai mutane kimanin miliyan 1.3, ta koyi wannan da zafi a 2007, lokacin da aka shafe makonni ana durƙusar da shafukan bankunanta da jaridunta da majalisarta. Shekara guda bayan haka aka buɗe cibiyar NATO ta tsaron intanet a Tallinn, wadda tun 2010 take shirya atisayen Locked Shields.

Akwai wani abu da Estoniya ta yi wanda ya fi dacewa da aljihunmu. Ta kafa sashen 'yan sa-kai na intanet a cikin rundunar sa-kanta ta tsaro: injiniyoyin banki da na kamfanonin waya da malamai, suna aikinsu na yau da kullum, suna atisaye tare, a kira su ranar buƙata. Mu da ke koyarwa a jami'a mun san inda haziƙan ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta suke nufa: bankuna, kamfanonin hada-hadar kuɗi na Legas, ko aikin waje da ake yi daga ɗaki a biya da dala. Albashin kofur ko laftanar ba zai ja da wannan ba, kuma yaudarar kai ce a ce kishin ƙasa kaɗai zai cike giɓin. Alawus na ƙwarewa da yarjejeniyar shekarun hidima za su rage yoyon. Wanda ya tafi duk da haka, a bar masa ƙofar dawowa a matsayin ɗan ko-ta-kwana, maimakon a ɗauke shi kamar wanda ya ci amana.

Ya kamata kuma horon ya dubi abokan gabarmu na zahiri. A 2016 Amurka ta kai wa kafofin farfagandar ƙungiyar ISIS farmakin intanet, kuma aikin ya buƙaci waɗanda suka san mutanen, ba na'urorinsu kawai ba. ISWAP da Boko Haram da 'yan bindigar daji da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Larabci suke magana a waya da dandalin sada zumunta. Matashin da ya tashi a Bama ko Zurmi, ya san karin harshe da zaurancen yankinsa, idan aka koya masa fasahar, zai ji abin da ƙwararren da aka horar a Turai zai wuce bai lura ba. A haɗa masa da darasin doka mai ƙarfi, domin kayan aikin da ke bin sawun ɗan ta'adda su ne ke iya bin sawun ɗan jarida ko ɗan adawa.

Idan lokacin kare kasafin kuɗi ya zo, kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai suna da damar neman amsa, ko da a zaman sirri: jami'ai nawa aka horar tun 2018, nawa ne har yanzu ke kan aikin da aka horar da su dominsa, nawa aka mayar wani fage, nawa kuma suka ajiye aiki.