Marasa lafiyar da hotonsu ba ya yawo a waya: ina taimakon matasa da ƴan ci-rani ya fi amfani?

Da wuya mako ya wuce ba a ga kiran neman taimako ya shigo waya ba: hoton mara lafiya a kan gado, lambar da za a tura kuɗi, da roƙon a yaɗa saboda Allah. Matasan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna bayarwa, haka ma ƴan uwa da ke ci-rani a Abijan, Kano, Aljeriya, Libiya ko Faransa. Tun da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza suka bazu a garuruwa, abin da aka tura da hantsi kan isa hannu kafin azahar.

Sai dai wannan hanya tana da nata zaɓe. Wanda ke da ɗan uwa mai babbar waya, wanda ya iya tsara magana, shi ake gani. Akwai kuwa marasa lafiyar da kunya, nisan ƙauye ko saurin ciwon ke hana labarinsu fita. Abin mamaki, su ne ɗan kuɗi kaɗan ya fi yi wa amfani, domin sau da yawa maganinsu yana nan, isa wurinsa ne ke gagara.

Matan da yoyon fitsari ya ɓoye

Yoyon fitsari yakan biyo bayan doguwar naƙuda. Idan mace ta kwana biyu ko uku haihuwa ba ta zo ba, kan jariri yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Galibi jaririn ma ba ya rayuwa. Auren wuri yana ƙara haɗarin, kuma alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Amma ciwon yana kama manyan mata ma, duk inda asibitin da ake yin tiyatar haihuwa ya yi nisa.

Wadda abin ya samu ba ta neman a ɗauki hotonta. Wari yakan raba ta da kasuwa, da biki, wani lokaci har da ɗakin mijinta. Alhali yawancin masu wannan ciwo suna warkewa da tiyata. A Danja, kudu kaɗan da Maraɗi, an buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a 2012 a harabar tsohon asibitin kutare, kuma ana yin aikin kyauta. A Yamai akwai cibiyar ƙasa da aka keɓe wa ciwon, ga kuma ƙungiyar Dimol da Salamatou Traoré ta kafa a 1998, wadda ke saukar da matan tana koya musu sana'a.

To me ke hana su zuwa? Kuɗin mota zuwa da dawowa, abincin wadda za ta yi jinya, da mutumin da zai faɗa mata cewa ciwon yana da magani. Bayan tiyata mace takan yi kimanin mako biyu da robar fitsari a jikinta, sannan a buƙaci ta dawo a duba ta. Likitoci kuma kan shawarce ta da ta haihu a asibiti ta hanyar tiyata idan ta sake samun ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai tafiya ce, kowace tafiya kuma kuɗi ce.

Ciwon da ke cin fuskar yara

Likitoci suna kiransa noma. Sunan bai da alaƙa da noman gona, daga harshen Girka ya fito, yana nufin cinyewa. Yana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yana farawa da kumburin dasashi, jini da warin baki. Cikin ƴan kwanaki kunci ya kumbura, ya yi baƙi, nama ya fara ruɓewa har zuwa ƙashi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce idan ba a yi magani ba, yara tara cikin goma na iya mutuwa. A watan Disamba na 2023 ta saka shi cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su.

Idan aka kama shi tun yana dasashi, ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da shi. Idan aka makara, yaron da ya rayu zai buƙaci tiyatar gyaran fuska, wani lokaci fiye da sau ɗaya, wani ma muƙamuƙinsa kan ƙage ya kasa buɗe baki. Gidauniyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiya a Damagaram tun shekarun 1990, tana karɓar irin waɗannan yara, kuma a Sakkwato akwai asibitin da aka gina domin ciwon.

Tun 2006 dokar Nijar ta ce a kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Amma doka ba ta biyan kabu-kabu daga ƙauye zuwa CSI. Kwanakin da iyaye ke ɓatawa suna neman kuɗin hanya, ko suna gwada turare da rubutu saboda an ce iska ce, su ne kwanakin da ciwon ke cin fuska.

Sadakar da ba ta buƙatar ko dala

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kai ƙololuwa, ɗakunan yara a asibitoci sukan cika da waɗanda jininsu ya ƙare. Haka macen da ta zubar da jini bayan haihuwa, awoyi kaɗan ne tsakaninta da mutuwa. Jini ba a ƙera shi, kuɗin ɗan ci-rani ma ba ya sayo shi idan babu shi a ajiye. Idan ma'ajiya ta bushe, sai dangi su shiga neman mai bayarwa cikin dare.

Nan ne matashin da ke birni ya fi wanda ke waje dama. Mai lafiya da ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya zuwa cibiyar ƙarin jini ta ƙasa a Yamai ko rassanta na jihohi. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Namiji na iya sake bayarwa bayan wata uku. Fada guda da ta tashi ta je tare kafin damina ta yi nisa, ta yi abin da jika ɗari ba za ta yi ba.

Yadda za a tsara abin

Haɗa ƙarfi ba baƙon abu ba ne a nan. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, asusu ne na mako-mako da matan karkara suka riƙe har ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Fada mai mutum 20, idan kowa ya zuba dala ɗari a mako, ta tara jika 10. A shekara jika 520 ke nan. Ƙungiyar ƴan gari ɗaya da ke Abijan ko Legas za ta iya fin haka nesa ba kusa ba.

Abin da ke kashe irin wannan asusu shi ne rarrabuwar hankali da rashin amana. Don haka a zaɓi abu ɗaya a tsaya a kansa, misali kuɗin motar mata masu yoyon fitsari daga ƙauyukan gundumarku. A nemi ma'aikacin lafiya ko ungozomar CSI ɗin yankin, domin su suka san wa ke kwance a gida. A biya direba ko wurin sayar da magani kai tsaye, a karɓi takarda. Kuɗi kada ya fita sai da sanin mutum biyu, kuma a karanta lissafi a gaban kowa duk ƙarshen wata.

Game da kiraye-kirayen waya kuwa, a tambayi sunan asibiti da ɗakin da aka kwantar da mara lafiyar, a tura wani ya gani da idonsa kafin a saki kuɗi. Ana samun masu maimaita tsohon hoto su sa lambarsu, kuma duk jikar da ta tafi can an hana wani mai bukata ne. Wanda aka taimaka wa kuma a rufa masa asiri. Macen da ta yi shekaru tana ɓoye ciwonta ba ta cancanci a yaɗa fuskarta don a nuna an yi alheri ba.

Ranar 23 ga Mayu ce ranar yaƙi da yoyon fitsari ta duniya, 14 ga Yuni kuma ta masu ba da jini. Duka biyun suna zuwa ne gab da watannin da rumbu ke ƙarewa, zazzaɓi ke ƙaruwa, hanyoyin ƙauye kuma ke lalacewa. Lokaci ne da ya dace fada ko ƙungiya ta zauna ta yanke shawara. Mai ci-rani kuma, in ya kira gida a wannan makon, bayan gaisuwa da tambayar gona, ya tambayi inna ko akwai wata a gari da ta daina fita tun bayan haihuwa, ko wani yaro da bakinsa ya kumbura. Tsofaffin mata sun san su, ba a dai cika tambayarsu ba.