Shigar Dodannin Ibo da Ma'anarta a Zanen Ben Enwonwu

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Suleja, Hausawa da Gbagyi da Ibo suna cin kasuwa ɗaya, amma sau da yawa ba su san ma'anar al'adun juna ba. Da an ce dodo, abin tsoro ne yake faɗo wa Bahaushe a rai. A al'adar Ibo kuwa, dodo, wato mmanwu, ruhin kakanni ne da ya ziyarci masu rai. Maza kaɗai suke yin shigar, kuma kowane kaya da saƙon da yake isarwa.

Budurwar Ruhi

Ben Enwonwu, wanda aka haifa a Anacha a 1917 ya rasu a Legas a 1994, ya yi fice wajen zana dodannin garinsu. Ɗaya daga cikin waɗanda ya yawaita zanawa ita ce Agbogho Mmuo, ma'ana budurwar ruhi. Fuskarta ta katako fara ce fat, domin a wurin Ibo farin alli alama ce ta tsarki da duniyar ruhohi. Tana da siririn hanci da ƙaramin baki da dogon kitso mai kama da doka. Waɗannan su ne siffofin kyan mace a idonsu, kuma kyan fuska yana nuni ga kyan hali. Rigar takan ɗame jiki tun daga wuya har ƙafa, da ƙyallaye masu launi iri-iri da aka ɗinka a kanta. Adon yana kwaikwayon uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki, kamar kwalliyar katambiri a ƙasar Hausa. Enwonwu yakan ƙara mata tsawo, ya lanƙwasa jikinta, don mai kallo ya ga rawa ko da yake zane ba ya motsi.

Sauran Dodanni

Kishiyar wannan shiga ita ce ta Mgbedike, mai baƙar fuska da ƙahoni da manyan haƙora, alamar ƙarfi da jaruntaka. Sarkin dodanni kuwa shi ne Ijele na Jihar Anambra, mai tsawon kusan mita 4. Siffar wata ƙatuwar mesa ce ta raba samansa da ƙasansa, kuma shi ne yake fitowa a ƙarshen wasa. A 2009 hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

Kammalawa

Ke nan launi da fuska da tsawo duk harshe ne. Ya kamata ɗalibin harshe ya koyi karanta su kamar yadda yake nazarin wasan tashe, domin wanda ya fahimci al'adar maƙwabcinsa ba zai yi saurin raina ta ba.