Saul da Dawuda: Sarakuna Biyu da Jiran Lokacin Allah

Idan Kirista ya daɗe yana addu'a a kan haihuwa, ko aure, ko aikin yi, 'yan'uwa a ikilisiya sukan ce masa ya jira Ubangiji. Maganar tana da sauƙin faɗa. Mai son ya san nauyinta sai ya duba tarihin sarakunan Isra'ila biyu na farko a littafin Sama'ila.

Annabi Sama'ila ya umarci Saul ya jira shi kwana 7 a Gilgal, domin shi ne zai miƙa hadaya. Filistiyawa kuwa sun yi sansani a Mikmash da karusai da mahayan dawakai. Tsoro ya kama Isra'ilawa, wasu suka ɓuya a kogwanni da rijiyoyi, wasu suka haye Kogin Urdun. Saul yana gani mayaƙansa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, annabi shiru. Sai ya sa aka kawo masa dabba, ya miƙa hadayar ƙonawa da kansa. Gamawarsa ke da wuya, sai ga Sama'ila. A ranar aka faɗa masa mulkinsa ba zai ɗore ba.

Ba daidai ba ne a yi saurin zagin Saul. Hujjarsa irin tamu ce: lokaci yana ƙurewa, mutane suna watsewa, dole a yi wani abu. Ya jira kusan duka wa'adin, a ƙarshensa ne ya gaza, kuma nan ne haƙuri ya fi wuya.

Dawuda kuwa an shafe shi da mai don ya zama sarki a Baitalami tun yana saurayi mai kiwon tumakin mahaifinsa Yesse, amma shekaru suka wuce yana gudun hijira saboda Saul yana neman ransa. Wata rana a jejin En-gedi, Saul ya fito farautarsa da mutum 3,000, ya shiga wani kogo don ya kewaya, bai san Dawuda da mutanensa suna can ƙurya ba. Mutanen suka raɗa wa Dawuda cewa ranar da Allah ya alkawarta ce ta zo. Lura da wannan: da sunan Allah suka zuga shi ya kashe Saul. Ya lallaɓa da wuƙa a hannu, ya yanki gefen rigar sarki kawai, kuma ko wannan ma zuciyarsa ta dame shi a kai. A karo na biyu, a tudun Hakila, ya tarar da Saul yana barci, mashinsa a kafe kusa da kansa. Abishai, ɗaya daga cikin mutanen Dawuda, ya roƙa a bar shi ya soke Saul sau ɗaya tak. Dawuda ya hana, ya ɗauki mashin da butar ruwa ya tafi.

Wannan shi ne haƙurin da Kiristoci suke nufi. Mutum yana aiki, yana neman mafita, yana kuka ga Allah kamar yadda Zabura ta cika da kukan Dawuda, amma ba ya fizge alkawari ta hanyar zunubi. Tsoro ma yakan zo. Shi ya kai Dawuda zama a ƙasar Filistiyawa shekara 1 da wata 4.

Ko bayan mutuwar Saul a Dutsen Gilbowa, sarautar ba ta zo masa gaba ɗaya ba. Yana da shekara 30 aka naɗa shi a Hebron, a kan kabilar Yahuza kaɗai, ya ƙara jiran shekara 7 da wata 6 kafin ya yi mulkin dukan Isra'ila daga Urushalima.