Tsofaffin Motoci Masu Ƙwanji Na Amurka: Kasuwar Da Takarda Ta Fi Fenti Daraja

A watan Yuni na shekarar 2014, a wani gwanjon motoci da kamfanin Mecum ya shirya a birnin Seattle na ƙasar Amurka, an sayar da wata shuɗiyar mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta shekarar 1971 a kan dala miliyan 3.5. Motar dai ta shekara 43 da ƙerawa, kuma a lokacin da take sabuwa kuɗinta bai wuce 'yan dubban daloli ba. An yi mata gyara na gani na faɗa, to amma ba ƙyallin fenti ne ya kai farashinta wannan matsayi ba.

Ita wannan mota tana cikin jerin waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da "motoci masu ƙwanji", wato matsakaitan motoci masu ƙofa biyu da aka ɗora wa babban injin mai silinda takwas. Akasarin masana tarihin motoci suna danganta mafarin wannan yayi da Pontiac GTO ta shekarar 1964. Kamfanin ya yi hasashen sayar da guda 5,000, amma a shekarar farko kaɗai sai da ya sayar da sama da 32,000. Ganin haka ne Ford da Chrysler da sauran sassan General Motors suka shiga gasar, kowa yana ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa girman injin.

Injin Hemi na kamfanin Chrysler, wanda ke cikin 'Cuda, yana da girman lita 7, wato ya ninka na Peugeot 504 da aka saba gani a hanyoyin Nijeriya fiye da sau uku. Yana da kafireta biyu, kuma kamfanin ya ƙiyasta ƙarfinsa a kan doki 425. Sunan Hemi ya samo asali ne daga siffar ɗakin da mai ke ƙonewa a saman kowace silinda, wanda aka yi shi kamar kifaffiyar ƙwarya, abin da ke ba da damar sanya manyan bawul domin injin ya shaƙi iska sosai. Bugu da ƙari, akwai mazuƙar iska da ta ɓullo ta tsakiyar bonet, wadda aka ɗaure a jikin injin, saboda haka tana girgiza da zarar an tayar da mota. Waɗannan siffofi, tare da rugugin salansa da launuka masu ɗaukar ido, su ne ke jan hankalin masu sha'awar motar har yau.

Sai dai zamanin nasu bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora sun tsauwala kuɗi a kan matasan da ke tuƙa irin waɗannan motoci, sa'annan dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta wa masu ƙera motoci rage hayaƙi. Chrysler ya daina sanya wannan injin a motocin hawa bayan 1971. Daga nan kuma sai rikicin man fetur na 1973 ya biyo baya, inda farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Tashin farashin da ya cika baitulmalin Nijeriya a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, shi ne ya sa motoci masu shan mai suka yi kwantai a Amurka. Da yawansu sun ruɓe a bayan gida, wasu kuma an farke su an sayar da kayan.

Wannan ƙaranci shi ne tushen tsadarsu a yau. Hemi 'Cuda wadda ake naɗe rufinta, irin wadda aka sayar a Seattle, ba a ƙera fiye da dozin ɗaya ba a 1971. Yaran da suka yi sha'awarta a wancan lokaci ba su da kuɗi, yanzu kuwa sun zama dattawa masu hali.

Gyaran irin wannan mota ba ƙaramin aiki ba ne. Akan kwance ta gaba ɗaya har sai bodi ya rage shi kaɗai, a kankare tsatsa, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a yi walda, a sake haɗa injin da giya, kana a fesa ainihin launin da ta fito da shi daga masana'anta. Ƙwararrun masu gyara har neman kayan da ke ɗauke da kwanan watan da ya dace da na motar suke yi. Aikin kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma sau da yawa kuɗin da aka kashe wa mota gama-gari yakan zarce abin da za a samu idan an zo sayar da ita.

A nan ne maganar takardu ke shigowa. Tun daga wajajen 1968 ake buga wani ɓangare na lambar mota a jikin injinta, don haka mai saye na iya tantance ko injin na asali ne ko kuwa musanye aka yi. Motocin Chrysler suna da ɗan farantin ƙarfe a ƙarƙashin bonet mai nuna kayan da aka sanya musu, da kuma takardar masana'anta da akan tarar a cikin kujera. Muhimmancin wannan shi ne, ba wuya a ɗauki Barracuda gama-gari a sanya mata injin Hemi da tambari, ta yi kama da ta gaske a ido, alhali darajarta ba ta kama ƙafar ta asali ba. Abin da ya ɗaga motar Seattle shi ne shaidar cewa injin da ta fito da shi ne ke cikinta.

Har ila yau, wani ciniki na watan Janairun 2020 ya ƙara fito da wannan batu fili. A gwanjon Mecum na Kissimmee da ke jihar Florida, an sayar da Ford Mustang ta 1968 wadda jarumi Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt a kan dala miliyan 3.74. Iyalin da suka mallake ta sun saye ta ne a 1974, kuma an kai ta kasuwa da koɗaɗɗen fentinta da tsatsarta.

Duk da haka, kasuwar ba ta rasa haɗari ba. Farashin waɗannan motoci ya yi tashin gwauron zabo kafin 2007, sa'annan ya faɗi warwas da matsalar tattalin arziki ta 2008, kuma waɗanda suka saya da tsada sun daɗe suna jiran ya farfaɗo. Ga kuɗin ajiya da inshora da kula, alhali mota ba ta kawo riba tana ajiye. Ɗan kasuwar da ke tunanin zuba jari a wannan fanni, wajibi ne ya fara duba lambar injin da takardun masana'anta tun kafin ya tambayi farashi.