Yaro Mai Taurin Kai da Saurin Hasala

Iyaye sukan kawo mana kuka cewa yaro ya ƙi jin magana, abu kaɗan sai ya hasala ya kama jifa da kaya. Kowane yaro yakan yi gardama. Amma idan halin ya kai wata 6 yana ɓata zaman gida da karatu, likitoci suna ɗaukarsa matsala mai bukatar kulawa.

Gyaran yakan fara ne daga iyaye. Mu koya musu su riƙa ba da umarni ɗaya a fili, su yaba masa nan take idan ya bi, horo kuma ya zama ƙarami, iri ɗaya kullum. Duka yakan sa ya yi shiru yau, gobe zuciyarsa ta ƙara tauri. Idan ya hasala, a bari ya huce tukuna, sa'an nan a ji damuwarsa, a nemi mafita tare da shi.

In matashi ne, mu bincika ko yana shan tramol ko kodin. In kuwa ya fara raunata kansa ko wasu, mu raka iyayen wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba.